A Duba Ni a Gabanta

Tun tana amarya dangin mijinta suka laƙaba mata Tsinke, don ko me ta ci ba ya nunawa a jikinta. Ta haifi 'ya'ya mata biyu, ta koma yadda take. Mijin, direban babbar mota, ya rasu a kan hanya, ta yi kukanta ta share hawaye, ta nemi aiki a gidan burodi. Daga safe zuwa la'asar tana tsaye a bayan kanta, tana zura burodi a leda tana miƙa wa mutane. To mace irin wannan, in cikinta ya fara turo riga shekara biyu bayan mutuwar miji, ba sai an yi wa kowa shela ba.

Ƙyallen aikin da take ɗaurawa a gaba shi ya fara tona ta. Da can igiyarsa sai ta zagaye ƙugunta ta dawo gaba kafin ta ƙulle. Aka wayi gari a baya take ƙullewa, sannan ya zama da ƙyar bakin igiyoyin suke haɗuwa. Abokan aikinta suka fara yin shiru in ta shigo ɗakin tanda. Masu sayen burodi kuwa, maimakon su dubi hannunta, sai idonsu ya sauka ƙasa.

Sai ga Gwaggo, yayar marigayi. 'Ya'ya tara ta haifa, kuma babu haihuwar da aka yi a danginsu ba ta tsaya a kai ba, saboda haka ta yarda da tafin hannunta fiye da yadda ta yarda da idonta. Ta zo kamar mai sayen burodi, ta zagaya bayan kanta kamar za ta gaisa, ta ɗora hannu a kan cikin matar ƙaninta ta danna. A gaban mutane, da layi har bakin ƙofa, ta ce, "Wata shida." Ta juya ta fita, ko burodin ba ta saya ba.

A makon nan ta je makaranta ta kwashe yaran zuwa gidanta. Wai 'ya'yan ƙaninta ba za su tashi suna kallon abin kunya ba, su zauna a wurinta har gaskiya ta fito. Auta ba ta san me ake ciki ba, in an kira waya sai ta yi ta surutu tana tambayar yaushe za su dawo. Babbar ce matsalar, wadda ake kira 'Yar Baba, mai shekara sha uku, kunnenta ya isa jin magana. In uwar ta ce a ba ta waya, sai a ji muryarta daga nesa tana cewa tana aikin makaranta. Wannan shi ya ci Tsinke a rai fiye da bakin duk mutanen unguwa.

Amma ba ta rantse wa kowa ba, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Aka ce ta kare kanta, ta ce ba ta ga alƙali ba. Asibitin unguwa ma ta ƙi zuwa, don ƙofarsa ɗaya ce da ta masu awon ciki, benci ɗaya ake zama, kuma ta san ranar da aka gan ta a kan bencin nan an gama shari'a. Ta yaga wani tsohon zani, kullum da safe ta naɗe cikin tamau ta tafi aiki, kai a sama. Taurin kai ne, babu wani suna da za a ba shi, kuma ya ci mata watanni.

Ranar da Gwaggo ta aiko cewa in ta isa su je a gwada ta, Tsinke ta ce wa 'yar aiken, "Ki gaya mata na isa. Amma babban asibiti za mu, kuma ƙafarta ƙafata har cikin ɗakin likita."

Haka suka zauna a dogon barandan asibiti, kujera ɗaya babu kowa a tsakaninsu. Wata nas ta ba Tsinke 'yar kwalba ta kawo fitsari, ta auna jininta, ta ɗora ta a sikeli, ta dubi lambar ta sake duban cikin. Gwaggo tana jan carbi da sauri, irin jan wanda ya riga ya san amsa, jira kawai yake a faɗa.

Likitar mace ce, gajera, ta manyanta, tabarau na rataye a wuyanta da igiya. Ɗakin ƙarami ne, tebur da kujeru biyu, gadon duba marasa lafiya a jikin bango, da famfon wanke hannu da yake ɗiga. Ta dubi mutum biyun da suka shigo ta ce, "Wace ce mara lafiyar?"

"Ni ce," in ji Tsinke.

"To Hajiya, ki ɗan jira mu a waje."

Gwaggo har ta fara juyawa, Tsinke ta ce, "A'a, Likita. Ta zauna. Yayar mijina ce. Ita ta fara duba ni, a gaban jama'a ma, ta ce wata shida. Ina so ki duba ni a gabanta."

Likita ta sa tabarau ta dube su da kyau. Da gani ta ga irin wannan rigima ba sau ɗaya ba. Ta ce, "Jikinki ne. In ke kika ce ta zauna, ta zauna. Amma duk lokacin da kika canza ra'ayi, ki faɗa."

"Ba zan canza ba."

Aka fara tambayoyi. Yaushe ta fara lura? An kusa shekara. Al'ada fa? Ta rikice, sannan ta ɗauke. Gwaggo ta yi gyaran murya, Tsinke ko kallonta ba ta yi ba. Amai? Babu. Cin abinci? Loma kaɗan sai ta ji ta cika har wuya. Bayan gida? Sai ta yi kwanaki. Ciwo? Ba wani ciwo, nauyi ne dai a baya ta hagu, kuma da yamma ƙafar hagu takan kumbura har takalmi ya matse ta.

"Kin taɓa jin motsi?"

"Abin da ke cikin nan ko gaisuwa bai taɓa yi min ba."

Likita ta danne dariya. Ta taso ta ja fatar idonta ƙasa ta leƙa, ta juya tafin hannunta, ta kama damtsenta tana jin yadda naman ya zube. Ta zagaya bayanta ta lalubi wuya da ramin da ke saman ƙashin kafaɗa da kan yatsu. Sannan ta ce ta hau gado ta ɗage riga.

Nan zanin ya bayyana, an naɗe shi zagaye a kan zagaye, an soke bakinsa a gefe. Likita ta tsaya.

"Wannan fa?"

"Don in samu in yi aikina."

"Kwance shi."

Ta kwance. Fatar ta yi sahu-sahu, wani wurin har ya saɓule ya yi baƙi. Cikin ya saki ya fito da girmansa na gaskiya, wanda ita kanta Tsinke ta daɗe ba ta yarda ta tsaya ta kalla ba. Gwaggo ta ce, "Innalillahi," a hankali, amma da ɗan daɗi a muryar, don a ganinta hujja ce ta ƙaru.

Likita ta wanke hannu, ta murza su har suka yi ɗumi. Ba ta fara taɓawa ba. Ta je ƙarshen gado ta tsaya wajen ƙafafu, ta rage tsawo tana hango cikin. Ta ce, "Hajiya, tunda kin zauna, taso ki tsaya nan. Dubi cibiya. Tsakiya take?"

Gwaggo ta taso tana gyara mayafi. Ta duba. "Ta ɗan karkace."

"Ta karkace dama, tudun kuma yana hagu."

"Yaro yakan kwanta gefe ɗaya," in ji Gwaggo.

"Yakan kwanta."

Ta fara dannawa daga dama, inda babu komai, a hankali, idonta a kan fuskar Tsinke tana neman inda za ta yamutsa. Wurin da laushi. Ta bi ta ƙasa, ta haura, da hannun ya tsallaka hagu sai ya tsaya, ya ci karo da abu. Ta bi gefensa da yatsu, ta sama har ya shige ƙarƙashin haƙarƙari ya ɓace mata. Ta ce, "Ja numfashi sosai. Saki. Ƙara ja." Abin bai gusa ba. Ta zura hannu ɗaya ta ƙarƙashin bayan Tsinke, ɗayan a sama, ta gwada motsa shi tsakaninsu, ya ƙi. Tsinke tana kallon silin, inda ruwa ya taɓa zuba ya bar tabo, tana jin hannun baƙuwa yana zagaye abin da ta kwana da shi ta tashi da shi ita kaɗai. Abin mamaki, sai ta ji sanyi a ranta. Wannan ne hannu na farko da ya taɓa ta yana tambaya.

Sai likita ta kafa gefen hannunta a can ƙasa, daidai saman mara, ta danna. Hannun ya nutse.

"Hajiya, kin karɓi haihuwa da yawa, ko?"

"Ba adadi."

"Cikin wata shida, hannu yana shiga nan?"

Gwaggo ta dubi inda hannun likita ya nutse. Carbin ya tsaya a hannunta.

"Juna biyu daga nan ƙasa yake tasowa ya haura," in ji likita. "Wannan daga sama yake, daga baya, yana gangarowa."

Ta shimfiɗa yatsa a kan fatar tana ƙwanƙwasa shi da ɗan'uwansa. A dama ƙara ta fito fayau. A hagu sai dum, dum, kamar ana buga buhun gari. Ta ɗiga alama da biro a gefe da gefen abin, ta ja awo a tsakani, tsaye da kwance, ta rubuta. Ta lalubi matsematsi. Ta danna ƙaurin dama da babban yatsa, fata ta dawo. Ta danna na hagu, ramin ya zauna. Daga nan ta sa abin sauraro a kunne ta ɗora a kan cikin, ta daɗe.

Gwaggo ta kasa haƙuri. "Kin ji bugun?"

"Hanji nake ji, an ture shi gefe."

Nas ta shigo da sakamakon fitsari, ta kuma turo na'urar hoton ciki a kan tayoyi. Aka matsa wa Tsinke wani mai sanyi a fata. Likita ta juyo da fuskar na'urar yadda duk za su gani, ta nuna wani ɗan abu a kusurwa. "Ga mahaifa nan, ƙarama, babu komai a cikinta. Fitsari ma haka ya nuna. Baiwar Allah, ba ki da juna biyu, kuma babu alamar kin yi shi kwanan nan."

Tsinke ta daɗe tana tanadin wannan lokaci. Ta shirya maganganu iri-iri a bayan kanta, wasu ma da rantsuwa a ciki. Duk suka gudu. Abin da ta yi kawai, ta miƙa hannu ta cafke wuyan hannun Gwaggo, ta jawo shi ta ɗora a kan tudun, a kan man da komai, ta danne.

"Taɓa, Yaya. Danna sosai, yadda kika yi ran nan. Wata nawa?"

Gwaggo ta yi ƙoƙarin janyewa, Tsinke ta riƙe. Mace ce da ta saba ɗaukar farantan burodi, akwai ƙarfi a siraran yatsun nan.

"Na ce wata nawa?"

"Sake ni, don Allah," in ji Gwaggo.

Ta sake ta. Likita ta ba Tsinke takarda ta goge jiki, ta jira har ta sauke riga ta zauna a bakin gado. Fuskarta ta canza, wasan ya fita daga cikinta. Ta ce, "Akwai sauran magana, kuma wannan ta fi kyau mu yi ta mu biyu."

"A gaban mutane aka faɗi waccan. Wannan ma ki faɗe ta a gabanta."

Likita ta jawo kujera ta zauna kusa da ita. "Ƙari ne, babba. Yadda na ji shi da yadda na gani a hoto, ya taso ne daga kitsen da ke can baya, bayan hanji, kusa da ƙoda."

"Kitse?" Dariya ta kufce wa Tsinke, ta gaske, har da riƙe gefen gado. "Ni? Likita, dube ni fa. Shekara da shekaru ana min gorin rama, ashe ina da kitse, ɓoye shi na yi."

Likita ta bar ta ta gama. "Kowa yana da shi a wurin. Naki ne ya ɓaci. Abin da nake zargi sunansa liposarkoma, wani nau'in ciwon daji ne. Ban yanke ba tukuna. Hannuna da wannan na'ura ba su isa ba, sai an yi babban hoto na ciki da ƙirji, an kuma tsakuro ɗan nama da allura an duba. In shi ne, aiki za a yi, babba, wataƙila a haɗa da ƙodar hagu. Kuma irinsa yana iya dawowa, sai an yi ta bibiya."

Famfon yana ta ɗiga. Tsinke ta ji tsoro ya taso mata daga tafin ƙafa, tsoro na gaske, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka kawo labarin mijinta. A ƙarƙashinsa kuma, Allah ya gafarta mata, akwai wani mugun daɗi da ya ƙi tafiya.

"Mutuwa zan yi?"

"Ban sani ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Akwai waɗanda aka yi wa aiki suna nan suna harkokinsu. Abin da na sani, kin riga kin ba shi lokaci da yawa. Me ya hana ki zuwa?"

Tsinke ta dubi Gwaggo, ta dubi likita. "Benci," ta ce. Likita ba ta gane ba, ita kuma ba ta yi bayani ba.

A baranda Gwaggo ta fashe da kuka, tana share hanci da bakin mayafi. Ba muguwar mace ba ce, a yi mata adalci. Mace ce da ba ta taɓa tunanin hannunta zai yi kuskure ba, kuma irin waɗannan sun fi mugaye ɓarna. Ta ce, "Sharrin Shaiɗan ne, Tsinke. A bar maganar nan, ta wuce. Ke ki ji da jikinki. Yaran su ci gaba da zama a wurina, kin ga yanzu ba za ki iya da su ba, ga asibiti ga aiki."

Tsinke ta tsaya cak, har wani mai tura keken marasa lafiya ya kauce mata.

"Wato da ina da ciki, ban dace da su ba. Yanzu ba ni da shi, ban dace da su ba."

"Ba haka nake nufi ba. Gaskiya ce ai, wa zai kula da su in an kwantar da ke?"

Gaskiya ce, kuma Tsinke ta san gaskiya ce, shi ya sa ta fi zafi. Ta ce, "Ranar da za a kwantar da ni, ni zan kawo miki su da hannuna, in ce Yaya ga amana. Wannan shi ne riƙo. Wanda kika yi ƙwace ne, kuma yau zai ƙare. Mu je gidanki."

"Yanzu? Ki huta mana, ki..."

"Yanzu. Kuma ke za ki gaya wa 'Yar Baba, da bakinki, ina tsaye."

Tasi ɗaya suka shiga har gidan Gwaggo. Matakalar gidan ta ba Tsinke wuya, sai da ta tsaya a tsakiya ta riƙe ƙarfe tana maida numfashi, amma da Gwaggo ta miƙo hannu ta ƙi karɓa. Auta ce ta fara ganinta, ta zo da gudu ta rungume ta, kanta ya bugi tudun, uwar ta cije leɓe ta shafa kitsonta. 'Yar Baba tana zaune a ƙasa tana guga kayan makaranta. Ta ɗago, ta ga cikin ba a ɗaure ba, ya fi yadda ta san shi, ta mayar da ido kan rigar da take gogewa.

"Ajiye dutsen gugar nan," in ji Tsinke. "Gwaggonki tana da magana."

Gwaggo ta yi ta juya carbi. Da ƙyar ta ce, "Mun je asibiti. Abin da na faɗa a kan uwarki ba haka ba ne. Ba ta da ciki. Ni na yi kuskure."

'Yar Baba ta dubi Gwaggo, sannan a karon farko cikin watanni ta dubi uwarta a ido. "To mene ne, Mama?"

"Ciwo ne. Ƙari ne ya fito min."

Fuskar yarinyar ta buɗe gaba ɗaya. Ta miƙe tsaye, hawaye na zuba, tana dariya, ta kama hannun uwar da hannu biyu. "Ciwo ne kawai? Wayyo Allah, Mama, ciwo ne kawai! Alhamdu lillahi! Ni dama na ce... wallahi a raina na ce... Auta, kin ji? Mama ba ta da lafiya ne kawai!"

Gwaggo ta buɗe baki. Tsinke ta yi mata kallo ɗaya, ta rufe shi. Ita Tsinke da ta hana likita yi mata magana a keɓe, ita da ta ce a faɗi komai a gaban kowa, sai ga shi ta tsaya da sauran maganar a bakinta tana kallon 'yarta tana murna. Za ta gaya mata, sunan da komai, kafin ranar babban hoto. Amma a ɗakinsu za ta faɗa, a zaune, ba a gidan Gwaggo ba.

"Ciwo ne kawai," ta ce. "Je ki haɗa kayanku, ki cire wutar gugar nan kar ta ƙona rigar. Gida za mu."